Waiwaye: Aljanun Turawa kafin a yi musu fikafikai

Yau idan Bature ya ce fairy, abin da ke faɗo wa mutum a rai wata 'yar mitsitsiyar yarinya ce mai fikafikan malam-buɗe-littafi, riƙe da sanda mai ƙyalli. Wannan siffa sai a ƙarni na 19 ta kankama, a hannun masu zane na Ingila. Manomin Ailan na da can bai san ta ba. Shi aljanunsa maƙwabta ne masu saurin fushi, ko sunansu ba ya kama wa, sai dai ya ce "mutanen kirki", don kada su ji a yi ɓatacciya.

Kalmar daga tsohon Faransanci ta shiga Turanci, tushenta kuma Latin ne, fata, wato allolin ƙaddara. Mutanen Ailan suna da nasu labarin asalin aljanun, wanda aka rubuta tun ƙarni na 11: wata al'umma mai suna Tuatha Dé Danann ce ta mulki tsibirin, da aka ci ta da yaƙi sai ta nutse ƙarƙashin tuddai ta zama aljanu. Har gobe akwai manoman da ba sa sa garma a kan irin waɗannan tsofaffin tuddai.

A 1888 marubucin Ailan W. B. Yeats ya kasa aljanun gida biyu, masu yawo a ayari da masu zaman kaɗaici. Rabon ya yi wa masu nazari daɗi, amma a ganina talaka ba haka ya san su ba. Ya san su ne ta inda suke zaune da abin da za su iya yi masa. Banshi mace ce mai kuka da dare, wanda ya ji ta ya san an kusa yin rashi a gidan. Lefrikon baduku ne mai ɗinkin takalma, ga tukunyar zinariya a ɓoye, kana ɗauke ido daga kansa ya ɓace. A Sikotland akwai kelfi, dokin ruwa mai tsayawa a bakin rafi lumui kamar a hau, wanda ya hau kuwa sai ƙasan ruwa. A ramukan haƙar ma'adinai na Jamus akwai kobold, daga sunansa ƙarfen kobalt ya samo nasa.

Wanda ya fi ba ni sha'awa shi ne birawuni, aljanin gida na Sikotland da arewacin Ingila. Idan kowa ya yi barci sai ya fito ya share ɗaki, ya sheƙe hatsi, ya gama abin da aka bari. Ladansa ƙoƙon madara a gefen murhu, a ajiye kamar ba don shi ba. Ranar da uwargida ta ji tausayin tsummansa ta ɗinka masa riga, ranar zai bar gidan, ba waiwaye.

Ba duka labarin ke da daɗin ji ba. An yi imani aljanu kan sace jariri ko matar aure su bar nasu a madadi, shi ya sa ake ajiye almakashi ko wani ƙarfe kusa da shimfiɗar jinjiri, tunda an ce ba sa shiri da ƙarfe. Yaron da ya rame ko ya ƙi magana, sai a ce ba shi ba ne, musanya aka yi. A watan Maris na 1895, a yankin Tipperary na Ailan, wata tela mai suna Bridget Cleary ta kwanta rashin lafiya. Mijinta Michael ya kafe cewa wadda ke kwance ba matarsa ba ce. Aka yi ta ɗura mata jiƙo ana tambayarta ko ita wace ce, daga ƙarshe ya ƙone ta a gaban danginta. Kotu ta yanke masa shekara 20.

Shekara 22 kacal bayan haka, a 1917, wasu 'yan mata biyu a ƙauyen Cottingley na Ingila, Elsie Wright da Frances Griffiths, suka ɗauki hotuna da 'yan aljanu masu fikafikai suna rawa a gabansu. Marubuci Arthur Conan Doyle, duk da sunan da ya yi a labaran bincike, ya hau ya zauna, ya buga hotunan a 1920. Sai a 1983, sun tsufa, suka amsa cewa zane ne suka yanka a kwali suka kafe da allurar hula. Kafin nan fim ɗin Disney na 1953, Peter Pan, ya riga ya gama kai 'yar mai fikafikan ko'ina a duniya.

Tsoffin aljanun kuwa ba su tashi ba. A 1999 za a gina babbar hanya ta Latoon a yankin Clare na Ailan, sai mai ba da tatsuniya Eddie Lenihan ya ce wata ƙaramar itaciyar ƙaya da ke kan layin matattarar aljanu ce, kada a taɓa. Aka gina hanyar, aka bar itaciyar a gefe da shinge kewaye da ita.