Takardar da ke cikin biro, kai ma kana da haƙƙin ganin ta

Ɗan kasuwa a Tawa yana biyan kuɗin rumfa, a yanka masa tikiti, ya soke a aljihu. In ya je ma'aikatar magajin gari ya ce a nuna masa abin da aka tara bana da inda aka kashe shi, shisshigi ya yi? A'a. Doka ce ta ba shi wannan dama, sai dai da yawanmu ba mu taɓa jin ta ba.

Ita ce doka mai lamba 2011-22 ta ranar 23 ga Fabrairu 2011, wadda aka sa wa hannu a ƙarshen mulkin riƙon ƙwarya na Salou Djibo. Abin da ta ce a taƙaice: bayanan da ke hannun ma'aikatun gwamnati na jama'a ne, wanda ya nema a ba shi. Rahotanni, ƙididdiga, sakamakon zaman taro, takardun umarni, duk suna ciki. Kana iya zama a biron ka karanta kyauta. In kwafi kake so, kai za ka biya kuɗin bugawa.

Akwai iyaka, kuma ban ga laifinta ba. Sirrin tsaron ƙasa ba a buɗe shi. Takardar likita ta maƙwabcinka ba taka ba ce, shi kaɗai za a ba. Amma wurin da na fi so mutane su riƙe shi ne wannan: in za a hana ka, sai an hana ka a rubuce, da dalili. "Shugaba ba ya nan, ka dawo gobe" ba amsa ba ce a idon doka. Saboda haka kai ma ka nema a rubuce, ka sa kwanan wata, ka riƙe kwafinka. Baka ba ta barin sawu. Dokar ta kuma ambaci Médiateur de la République, wato mai shiga tsakanin talaka da hukuma, a matsayin wanda ake kai wa kuka.

Wani zai ce ai an dakatar da kundin tsarin mulkin 2010 bayan 26 ga Yuli 2023. Gaskiya ne, kuma aya ta 31 a cikinsa ce ta yi maganar wannan haƙƙi. To amma dokar 2011 takarda ce mai zaman kanta, sannan aya ta 9 ta yarjejeniyar Afirka kan haƙƙin ɗan Adam da al'ummomi, wadda Nijar ta amince da ita a 1986, ta ce kowa na da haƙƙin samun labari.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne da Faransanci aka rubuta dokar, kuma a Yamai aka buga ta. Yaya za ta isa kunnen mai noman albasa a Galmi ko matar da ke daka a Bouza? Nan ne aikin ƙungiyoyin farar hula yake, irin su ANDDH mai kare haƙƙin ɗan Adam, da Alternative Espaces Citoyens, da ROTAB mai bin sawun kuɗin ma'adinai, tare da gidajen rediyon karkara. Su ne ya kamata su juya magana zuwa Hausa da Tamajak, su taya wanda bai yi boko ba rubuta takardar nema, su raka shi biro don kada a raina shi.

Jiharmu ta Tawa ta ga amfanin irin wannan rakiya. Tun 2003 dokar Nijar ta mai da bauta babban laifi, amma sai da ƙungiyar Timidria mai yaƙi da bauta ta tsaya wa Hadijatou Mani, ƴar yankin Ƙonni da aka riƙe cikin bauta, kafin maganarta ta kai kotun CEDEAO. Ranar 27 ga Oktoba 2008 kotun ta ce gwamnati ta kasa kare ta, ta umarci a biya ta diyyar sefa miliyan 10.