Ma'anar "Renesans": wa ya suma da za a farfaɗo da shi?

Tun da Habasha ta ƙaddamar da katafariyar madatsar ruwanta mai suna "Renesans" a Satumban 2025, kalmar nan ta sake cika rediyo. 'Yan Nijar kuwa sun sha jin ta a bakin Mahamadou Issoufou tun 2011. Abin da ke ƙona min rai shi ne masu sharhin da ke fassara ta da "sabon zamani" ko "ci gaba". Faransanci ce, ma'anarta sake haihuwa, wato farfaɗowa. Ai sai wanda ya suma ake yayyafa wa ruwa, don haka duk mai furta ta yana zargin na gabansa ne a fakaice.

Haka ta faro tun asali. Giorgio Vasari, mai zane ɗan Italiya, shi ya yayata zancen a littafinsa na 1550. A ganinsa fasahar tsoffin Rumawa da Girkawa ta mutu ɗaruruwan shekaru, sai mutanen birnin Fulorans na Italiya suka tashe ta. Har ya kasa aikin gida uku kamar rayuwar ɗan Adam. Yarinta ita ce zamanin mai zane Giotto. Samartaka ƙarni na 15 ne, lokacin da Masaccio ya zana bangon wata majami'a wajajen 1427, mai kallo ya rantse huda bangon aka yi aka fitar da ɗaki a ciki. Cikar girma kuwa sai Leonardo da Raphael da Michelangelo, wanda ya kwashe 1508 zuwa 1512 bisa dandamalin katako, wuya a ɗage, fenti na ɗiga masa a fuska, yana zanen rufin majami'ar Sistin.

To su manyan majami'un da aka gina kafin nan fa, masu tagogin gilashi launi-launi? Shirmen Jamusawa ne a wurin Vasari. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi: Vasari ɗan yankin Fulorans ne, littafin ma ga mai mulkin Fulorans, Cosimo de' Medici, ya sadaukar da shi. Ni dai ban ga gawa a ginin da har yau ake bin layi a kalla ba.

Vasari ma bai tsira ba. Bayan rasuwar Raphael a 1520 da wasoson Roma a 1527, salon ya koma dogayen wuya da murɗaɗɗun jiki, wanda ake kira Manarizim. Masanan baya sun daɗe suna ɗaukarsa lalacewa, kuma a wannan kwandon suka jefa zanen Vasari.