Waiwaye: Yadda Aka Gano Hannun Kumburi a Makantar Ciwon Suga

Tun 1856 likitan Ostiriya Eduard Jaeger ya zana tabon da ya hango a bayan ƙwayar idon mai ciwon suga, ta ciki. Shekaru ɗari bayan nan ana kallon cutar a matsayin lalacewar ƙananan jijiyoyin jini kawai: suna yoyo, suna toshewa, sababbi marasa ƙwari su tsiro su fashe.

A 1964 ne likitoci biyu, Powell da Field, suka lura cewa masu suga da ke shan asfirin da yawa saboda ciwon gaɓoɓi idanunsu ba su cika lalacewa ba. Nan aka fara zargin kumburi. Sai dai da aka gwada asfirin miligiram 650 kullum a kan dubban mutane a Amurka, sakamakon 1991 ya nuna bai hana lalacewar idon ba. Magana ta kwanta, leza, wato ƙona wuraren da suka lalace a bayan ido da haske mai ƙarfi, ta ci kasuwarta.

Ashe zargin yana da tushe. Idan suga ya daɗe a sama, bangon jijiyar yakan fitar da wani sinadari mai danƙo, ICAM-1. Fararen ƙwayoyin jini su manne, su tare hanya, su ji wa bangon rauni, ruwa ya tsiyaya ya taru a tsakiyar gani. Shi ya sa tela a kasuwar Garwa ta Kamaru zai ga layin ɗinki ya karkace, ramin allura ya ɓace masa, alhali idonsa fari tas, ba ja ba zafi.

A 1994 aka samu sinadarin VEGF, mai sa jijiyoyi yoyo da tsiro da sababbi, da yawa a ruwan idon irin waɗannan majinyata, daga nan allurar cikin ido mai toshe shi ta samo asali. Avastin, wadda ta fi araha, miligiram 1.25 ake yi, da farko duk wata. Amma ba kowane ido ke amsawa ba, domin wasu sinadaran kumburi irin su IL-6 ba ruwansu da ita. Irin wannan idon akan dasa masa ƙwayar maganin kumburi dezametazon, mai suna Ozurdex, mai aiki 'yan watanni. Tana janye ruwan, amma tana jawo yanar ido da hawan jinin ido, don haka dole a riƙa auna matsin. A 2022 Amurka ta amince da farisimab, allurar da ke toshe VEGF da Ang-2, wani sinadarin da ke raunana jijiyoyi, a tare.

Kada jin sunan dezametazon ya sa wani ya sayi ɗigonsa wurin mai tebur a Marwa ko Garwa. Ɗigon da aka saba da shi ba ya isa bayan ido yadda ake buƙata, sai dai ya tada matsin a banza.