Me ake nufi idan an ce "diskin birki ya lanƙwashe"?

Kana tafe a a-kori-kura da kaya niƙi-niƙi, ka taka birki sai ka ji feda tana bugun tafin ƙafarka, sitiyari kuma na karkarwa a hannunka. Ka kai gareji, makaniki ko taya bai kwance ba zai ce maka ai diski ne ya lanƙwashe. To wai da gaske lanƙwasar yake yi?

Diski dai shi ne faifan ƙarfen nan da ke bayan taya yana juyawa tare da ita, in ka taka birki sai fad guda biyu, wato takalman birki, su matse shi ciki da waje. Ƙarfen zubi ne mai kauri, kuma maganar gaskiya ba kasafai yake tanƙwarewa kamar murfin gwangwani ba. Abin da ya fi faruwa shi ne kaurinsa ya daina zama ɗaya, nan tudu can kwari, duk zagayen da ya yi sai fad ya hau ya sauka, to wannan hawa da saukar ita ce ke dawowa ƙafarka. Kuma bambancin ba wani mai yawa ba ne fa, ko kaurin silin gashi bai kai ba za ka ji shi.

Tudun nan daga ina? Yawanci zafi. A-kori-kura ga nauyin kanta ga na kaya, wani lokacin har da tirela a baya, direba ya shigo doguwar gangara maimakon ya rage giya inji ya riƙe motar sai ya kwanta kan birki tun daga sama har ƙasa, diski ya ɗau zafi sosai, sannan ya zo ya tsaya cak ƙafarsa na danne da feda, nan take fad zai bar shatinsa a wuri guda a jikin ƙarfen, shi ne ke zama tudun. In ka duba da kyau wani lokacin har zanen fad ɗin za ka gani.

Ɗaya hanyar kuma laifin ɗauri ne. A saka sabon diski kan hob, wato mazaunin da ake ɗaure diski da taya a kai, mai tsatsa ba a goge ba, ko a ɗaure notin taya da bindigar iska wani ya matsu wani bai matsu ba, sai diskin ya zauna a ɗan karkace. Karkatar da yawancin motoci ke jurewa ba ta wuce milimita 0.05 ba. Ranar farko lafiya lau, bayan wata da watanni fad ya cinye gefe guda, karkarwa ta dawo, mai mota ya ce an sayar masa da jabu. Ni dai makanikin da bai goge hob ba, bai ɗaure noti a gicciye ɗaya na kallon ɗaya ba, ba na ganin ya gama aiki.

Ƙiiii ɗin da birki ke yi kuwa maganarsa daban, kar a haɗa su. In da safe ne bayan ruwan sama, tsatsa ce ta kwanta, taku biyu uku ta goge. In kullum ne, akwai wani ɗan harshen ƙarfe a jikin fad da aka yi shi musamman don ya taɓa diski ya yi ƙara idan fad ya rage kamar milimita 2 ko 3, wato lokacin canji ya yi ke nan. Fad mai ƙarfe da yawa a haɗinsa ma ya fi surutu ko sabo ne. Amma in ƙarar ta koma gurza, ƙarfe ne ke cin ƙarfe, a ajiye motar.

Za a iya fere diski a injin fere ƙarfe ya dawo sumul, sai dai akwai lamba a jikinsa kusa da rubutun MIN TH, shi ne iyakar sirantarsa. In feren zai kai shi ƙasa da haka sai dai sabo, kuma hagu da dama tare ake canzawa.