Kamfanonin talabijin suna ta haɗiye juna: a cire dish ne ko a bar shi?

Tambayoyin nan sun isa maimaitawa. Ga amsoshinsu wuri guda, a karanta kafin a sake tambaya.

Mene ne bambancin kebul da kallo ta intanet?

Kebul waya ce da ake ja har cikin gida, kamar yadda Comcast da Charter suke yi a Amurka. Namu ba haka yake ba: DStv ta tauraron ɗan'adam take saukowa, shi ya sa ake kafa dish, GOtv kuma ta eriya. Amma tsarin biyan ɗaya ne, ka biya kuɗin wata a haɗo maka tarin tashoshi har da waɗanda ba ka taɓa buɗewa ba. Netflix da YouTube kuwa data suke sha. Shi ke nan.

Me ya sa manyan kamfanonin suke ta haɗewa?

Tsoro. Da Netflix ta fara janye musu masu kallo, kowa ya ga cewa sai mai tarin finafinai na kansa ne zai kai labari. Disney ta sayi mafi yawan 21st Century Fox a 2019 kan dala biliyan 71. AT&T, wadda sana'arta waya ce, ta sayi Time Warner a 2018 kan dala biliyan 85, ba a cika shekara huɗu ba ta sake shi, aka haɗa shi da Discovery a 2022 da bashin kusan dala biliyan 50 a wuyansa. Amazon ta ɗauke kamfanin finafinai na MGM a 2022 ɗin kan biliyan 8.5. Skydance ta haɗe da Paramount a Agustan 2025, shekarar ba ta ƙare ba sai ga Netflix da Paramount suna rige-rigen taya Warner Bros.

To in sun haɗe ai farashi zai sauka ko?

Wa ya gaya maka? Bashin da aka ci aka yi cinikin, daga aljihun mai kallo zai fito. Disney+ ta fara da dala 6.99 a wata a 2019, yau wanda ba ya son talla yana biyan fiye da ninki biyu. Bayan ƙarin kuɗi sai sallamar ma'aikata, sai kwashe shirye-shirye daga manhaja don a rage kashe kuɗi. A 2022 Warner Bros. Discovery ta jingine wani fim da ya kusa kammala, bayan an kashe masa kimanin dala miliyan 90, ba a taɓa nuna shi ba.

Kebul ya mutu ke nan?

Yana jinya dai. A watan Mayun 2025 ƙididdigar Nielsen, kamfanin da ke auna yawan masu kallo, ta nuna kallo ta intanet ya kai kashi 44.8 cikin ɗari na lokacin kallon talabijin a Amurka, ya zarce kebul da tashoshin eriya a haɗe. Comcast ma ta ware tashoshinta irin su CNBC da USA ta zuba su cikin wani kamfani daban mai suna Versant, kuma ba a raba gari da abin da ake sa ran zai yi albarka. Abin da ya rage yana riƙe da mutane shi ne wasanni da labarai kai tsaye. Su ma ana yagarsu: tashar wasanni ta ESPN ta buɗe nata na intanet a 2025.

Wannan duk Amurka ne, ina ruwanmu?

Da ruwanku. Canal+ ta Faransa ta karɓe ragamar MultiChoice a Satumbar 2025, wato mai DStv da GOtv da SuperSport. Mai kallo a Kano da mai kallo a Maraɗi, ɗaya da dikodar DStv ɗaya da ta Canal+, yanzu gida ɗaya suke biya. Kada ka tashi hankalinka, dikodarka ba za ta daina aiki ba don an canza mai kamfani.

Ni dai a gaya mini, in cire dish in koma intanet?

Wannan ba ta da amsa ɗaya, kuma duk wanda ya ce maka “cire kawai” bai yi lissafi ba. Fara da data. A ma'aunin Netflix, hoto na gama-gari yana cin kusan gigabait 1 a awa, mai kyau na HD har 3, na 4K har 7. Gidan da ake kallon awa uku a rana a HD zai iya cinye gigabait 270 a wata, a talabijin ɗaya kawai, ban da wayoyin yara. Je ka tambayi kuɗin wannan data, ka ɗora kuɗin manhaja biyu ko uku a kai, sannan ka gwada da abin da kake biya yanzu. Sau da yawa dish ne yake cin nasara, musamman a gida mai mutane da yawa inda talabijin ba ta hutawa, domin dikoda ba ruwanta da yawan awanni.

Sai ƙarfin sabis. HD yana son akalla megabit 5 a daƙiƙa, 4K yana son 15, kuma ba na tsakar dare ba. Ka auna tsakanin Magariba da ƙarfe goma, lokacin da unguwa duka take kan eriyar kamfani ɗaya, ka maimaita kwana uku ko huɗu. In ka sayi data da aka ce ba ta da iyaka, karanta sharuɗɗan, galibi akwai adadin da in ka wuce shi za a rage maka gudu har hoto ya riƙa tsayawa.

In ƙwallo ce ta dame ka, to ka daɗa tunani. Gasar Firimiya tana hannun SuperSport a yankinmu, kuma wasa ta intanet yakan yi jinkirin daƙiƙa 30 zuwa minti ɗaya, sai ka ji ihun gidan kallo kafin ka ga an ci. Mai gidan kallo kam kada ya ma fara. Gaskiya dish ma yana da nasa: hadari mai ƙarfi yana ɗauke hoto a damina, iska tana karkatar da shi.

Amma in abin kallonka shirye-shiryen Hausa ne masu dogon zango, da yawansu suna YouTube, kuma a waya kake kallo, to biyan babban ƙunshin tashoshi asara ce. Sauka zuwa mafi ƙanƙanta, ka gwada intanet wata guda, kada ka kwance dish ɗin tukuna.

Zan iya ba ƙanina lambar sirrina ya riƙa kallo a gidansa?

An wuce wannan zamanin. Tun 2023 Netflix ta fara tsananta wa masu raba asusu a gidaje daban-daban, Disney+ ta bi sahu.

Akwatin nan mai nuna duk tashoshi a kuɗi kaɗan fa?

Haba malam. Kayan sata ne, ana tsakiyar wasa yake yankewa, kuma ranar da aka rufe shi ba ka da wanda za ka kama. Kada ka sa lambar katin bankinka a cikinsa.

Sai na sayi sabuwar talabijin?

A'a. In taka tana da ramin HDMI, ƙaramin akwatin Android ko Fire TV Stick ya wadatar.