Gado da cutar kumburin hanji mai daɗewa

Cutar kumburin hanji mai daɗewa iri biyu ce. Akwai cutar Crohn, wadda ke iya kama ko'ina daga baki zuwa dubura, amma ta fi zama a ƙarshen ƙaramin hanji, sai kuma gyambon uwar hanji, wanda ke farawa daga dubura ya yi sama. A dukkansu garkuwar jiki ce ke wuce gona da iri wajen yaƙar ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a hanji, har ta ci bangon hanjin. Ba a gadonta yadda ake gadon sikila, inda ƙwayar gado guda ke yanke hukunci. Abin da ake gada shi ne sauƙin kamuwa.

Tagwaye ne suka fara nuna haka. In ɗaya daga tagwayen ƙwai ɗaya ya kamu da Crohn, ɗan'uwansa kan kamu a kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari. A gyambon uwar hanji kuwa abin bai cika wuce kashi 15 ba. Ke nan ko masu ƙwayoyin gado iri ɗaya sak, sau da yawa ɗaya na fama ɗaya na lafiya lau. Yanayin rayuwa na da nasa hannun: shan taba na ƙara haɗarin Crohn, alhali gyambon uwar hanji ya fi yawa ga waɗanda ba sa sha ko suka daina.

A 2001 masu bincike a Faransa da Amurka suka gano NOD2, ƙwayar gado ta farko da aka danganta da Crohn, a kan kuromosom (ƙunshin ƙwayoyin gado) na 16. Aikinta gane wani ɓangare na bangon bakteriya, ta tada garkuwa tun abin bai yi nisa ba. Sauye-sauye uku ne suka fi shahara a cikinta: R702W da G908R da 1007fs. Wanda ya gaji sauyi ɗaya daga uwa ko uba kaɗai, haɗarinsa kan ninka sau 2 zuwa 4. In ya gada ta ɓangaren uwa da uba, ninkin kan kai 20 ko fiye, kuma cutar kan zo da wuri, ta zauna a ƙarshen ƙaramin hanji, ta tsuke shi har a kai ga tiyata. Duk da haka mafi yawan masu ɗauke da waɗannan sauye-sauye ba sa taɓa kamuwa, shi ya sa ba a yi wa lafiyayyu gwajinsu.

Bayan NOD2 an gano ƙwayar gado ta IL23R a 2006, wadda wani sauyinta, R381Q, kariya yake bayarwa, sannan ATG16L1 a 2007, mai taimaka wa ƙwayar halitta ta narkar da bakteriyar da ta shige ta. Zuwa 2012 guraben gado 163 masu alaƙa da cutar aka sani, 110 daga ciki na shafar cututtukan biyu. Yanzu sun haura 200. Gyambon uwar hanji ya fi alaƙa da yankin HLA, wato tarin ƙwayoyin gado na garkuwar jiki, a kuromosom na 6.

Galibin binciken nan a kan Turawa aka yi shi, kuma wannan babban giɓi ne. Sauye-sauyen NOD2 uku ɗin nan kusan babu su a Japan da Koriya da Sin, inda ƙwayar gado ta TNFSF15 ta fi tasiri, kuma ba su da yawa a 'yan asalin Afirka.

Jarirai da yara 'yan ƙasa da shekara 6 su ne lamarinsu ya sha bamban, domin a wasunsu ƙwayar gado ɗaya tak ce ta lalace. A 2009 aka bayyana yaran da makarɓar sinadarin IL-10, mai kwantar da kumburi, ba ta aiki a jikinsu. Jariri kan fara gudawar jini tun watanninsa na farko, maruru su fito gefen dubura, su ɓule su riƙa zubar da mugunya, magungunan da aka saba da su kuma su kasa. Sai yaro ya gaji lalatacciyar ƙwayar daga uwa da uba sannan cutar ke bayyana, don haka an fi ganinta a gidajen da ake auren zumunci. A nan gwajin gado na sauya magani gaba ɗaya, saboda dashen ɓargo na iya warkar da yaron.

Gwajin na da amfani kuma kafin a fara maganin azathioprine, mai rage ƙarfin garkuwar jiki. Mai raunin ƙwayar gado ta TPMT ko NUDT15 ba ya iya sarrafa maganin, sai ya taru ya danne ɓargo, fararen ƙwayoyin jini su yi ƙasa sosai. Likita kan rage masa yawan maganin ko ya sauya masa wani.