Kiredit ɗin da ɗalibi ya samo a Turai: abin da doka ta tanada da abin da ake ƙara mata

Duk lokacin da aka fara neman guraben karatun musaya a jami'o'in Turai, sai maganganu su yi ta yawo a bakin ɗalibai. Wasu na cewa zangon da ka yi a waje asara ne, in ka dawo daga farko za ka maimaita. Wasu kuma na cewa kwantar da hankalinka, duk kwas ɗin da ka ci a can dole jami'arka ta karɓa, ai akwai doka. Wadda ta fi tayar wa iyaye hankali ita ce ta uku, wai in ɗalibi ya faɗi kwas ɗaya tak, sai ya amayar da kuɗin tallafin da aka ba shi kaf. Kowace daga cikinsu ta ɗauko ɗan guntun gaskiya ne ta yi masa ƙari.

A fara da ma'aunin kansa. Tsarin ƙirga kiredit na Turai da ake kira ECTS an soma gwada shi a 1989 a ƙarƙashin Erasmus, shirin musayar ɗalibai na Turai, wanda shi kuma aka kafa a 1987. Shekarar karatu cikakkiya kiredit 60 ce, zango ɗaya 30. Kiredit guda yana wakiltar aikin awa 25 zuwa 30, kuma ba zaman aji kaɗai ake ƙirgawa ba, har da karatun da ɗalibi ke yi shi kaɗai, da aikin gida, da shirin jarrabawa. A nan ne lissafin mutane da yawa ke karkacewa. A Ingila shekara kiredit 120 ce, wato biyu nasu ɗaya ne na ECTS. A Amurka kuma awannin zaman aji ne ginshiƙin ƙirga. Kiredit kamar kuɗin wata ƙasa ne, lambar da ke jikinsa ba ta gaya maka darajarsa sai an yi canji.

Dokar da masu cewa "dole a karɓa" ke nufi, ko sun san sunanta ko ba su sani ba, ita ce Yarjejeniyar Lisbon, wadda ƙungiyar ƙasashen Turai da ake kira Council of Europe da UNESCO suka tsara, aka sa mata hannu a watan Afrilun 1997, ta fara aiki a 1999. Ta shafi mai neman shiga jami'a da takardar sakandaren wata ƙasa, da mai neman a amince da digirinsa, da wanda ya yi wani yanki na karatu a waje, har da 'yan gudun hijirar da takardunsu suka salwanta. Ƙasashen da suka rattaba hannu suka kuma tabbatar da ita kaɗai ta ɗaure. Kusan duk Turai na ciki, haka Kanada da Ostireliya da Niyu Zilan. Amurka ta sa hannu amma ba ta tabbatar ba.

Abin da yarjejeniyar ta ce game da yankin karatu gajere ne: a amince da shi, sai dai in an nuna akwai babban bambanci tsakaninsa da ɓangaren karatun da zai maye gurbinsa. Wannan kalma ta "babban bambanci" ita ce ƙofar da ake shiga da fita ta cikinta, kuma ita ce aka fi yi wa gurguwar fahimta.

Da farko, ba a ce bambanci kawai ba. Kwas biyu a jami'o'i biyu ba za su taɓa zama iri ɗaya sak ba. Littafin da aka karanta daban, malamin daban, wani an yi shi da rubutacciyar jarrabawa, wani da ta baka. Duk waɗannan ba hujja ba ce ta ƙin amincewa. Abin dubawa shi ne, shin abin da ɗalibin ya iya bayan kammala kwas ɗin ya isa ya ci gaba da karatunsa ba tare da giɓi ba? Ɗalibin injiniya da ya yi lissafi a matakin shekarar farko a can, alhali na shekara ta uku ake buƙata a gida, wannan babban bambanci ne. Wanda kuwa ya yi kwas mai kiredit 5 a madadin mai 6, a mataki ɗaya, kan maudu'i ɗaya, da wuya a kira wannan babba.

Na biyu, kuma wannan ne ɗalibai ba su cika sani ba, nauyin kawo hujja ba a wuyan ɗalibi yake ba. Nasa shi ne ya kawo takardu na gaskiya, cikakku. Daga nan hukumar da ke tantancewa ce za ta nuna dalilin da ya sa bai cancanta ba. In ta ƙi, sai ta faɗi dalili, kuma ɗalibi na da damar ɗaukaka ƙara. Amsar "ba haka muke koyar da shi a nan ba" ba ta cika wannan sharaɗi ba, ko da shugaban sashe ne ya faɗe ta da kakkausar murya.

To me ya sa har yanzu ake samun waɗanda suka dawo aka sa su maimaita? Saboda a yawancin ƙasashe jami'o'i ne ke da ikon yanke wannan hukunci, ba gwamnati ba. Yarjejeniyar ta san da haka, shi ya sa ta ce inda ikon ke hannun jami'o'i, aikin gwamnati shi ne ta isar musu da tanade-tanaden ta kuma ƙarfafa musu gwiwa su bi. Ƙarfafa gwiwa kuwa ba tilas ba ce. Ga shi kuma wanda zai auna ko bambancin babba ne, sau da yawa shi ne malamin da kwas ɗinsa ake neman a tsallake. An tsara abin da kyakkyawar niyya, amma a gaskiya wanda ake ƙara shi aka ɗora a kujerar alƙali. A ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar akwai cibiyoyin da ake kira ENIC da NARIC da ke ba da bayani da shawara kan amincewa da takardun karatun waje, sai dai galibi shawarar ce iyakarsu.

Saboda wannan giɓi ne takarda ɗaya ta fi duk yarjejeniyar ƙasa da ƙasa amfani ga ɗalibin musaya, wato yarjejeniyar karatu da ake cikewa kafin tafiya. Ɓangare uku ke sa mata hannu: ɗalibi, jami'arsa, da jami'ar da za ta karɓe shi. In ka buɗe ta za ka ga jadawali biyu. Na farko ya jera kwasa-kwasan da za ka yi a can, kowanne da lambarsa da yawan kiredit ɗinsa. Na biyu ya jera abin da za a cire maka a gida a madadinsu. Ɗalibai na ɓata kwanaki suna zaɓen abin da zai shiga jadawalin farko, na biyun kuma su bar shi yadda aka ga dama, alhali shi ne alƙawarin. Jami'ar da ke cikin shirin Erasmus+, wato sunan Erasmus na yanzu, ta riga ta ɗauki alƙawari a rubuce cewa duk kiredit ɗin da ke cikin wannan takarda, muddin ɗalibi ya ci, za ta amince da shi ba tare da ƙarin aiki ko sabuwar jarrabawa ba. Jami'o'in wajen Turai da ke shiga shirin su ma suna sa hannu kan bin waɗannan ƙa'idoji a yarjejeniyar da suke ƙullawa da takwarorinsu. Ba a kuma buƙatar kwas ya yi daidai da kwas ɗaya bayan ɗaya. Rukunin kwasa-kwasai na iya maye gurbin rukuni.

Matsalar tana ɓullowa ne a makon farko na rajista. Ɗalibi ya isa, sai ya tarar kwas ɗin da ya zaɓa an soke shi, ko ya cika, ko lokacinsa ya yi karo da wani, ko kuma an ce da Turanci ake koyar da shi sai ga malami ya buɗe baki da Jamusanci. Dole ya sauya. Ƙa'ida ta yarda da sauyi, amma a nemi yin sa cikin mako biyar da fara zango, kuma ɓangarorin uku su sake amincewa. Wanda ya sauya kwas a shafin rajistar jami'ar da ya je, ya ga sunansa ya fito a jerin aji, ya ɗauka shi ke nan, ya yi rabin aiki ne. Rajista a can ta ba shi damar zama a aji da rubuta jarrabawa. Ba ta ɗaure jami'arsa ta gida da komai ba. Mafi yawan labaran "an ƙi karɓar kiredit ɗina" in aka bi diddiginsu a nan suke tsayawa: kwas ɗin da aka ci ba shi ne wanda aka sa wa hannu ba. Saƙon da wani malami ya aiko na cewa "ba komai, yi kawai" yana da daɗin karantawa, amma in malamin ya tafi hutu ko aka sauya shi kafin ka dawo, takardar za a duba.

Sai a rarrabe kiredit da maki, don abu biyu ne. Ana iya amincewa da kiredit ɗinka gaba ɗaya amma makin ya sauya fuska wajen juyawa. A Jamus 1.0 ne ƙololuwa, 4.0 kuma ƙarshen ci. A Faransa kan 20 ake bayarwa, 10 ne ci, kuma 14 maki ne mai kyau ƙwarai ko da yake mai lissafin kashi cikin ɗari zai raina shi. A Italiya makin ci daga 18 zuwa 30 ne. Wasu jami'o'in suna juya makin su zuba shi cikin jimillar sakamakon digiri, wasu kuma "ya ci" kawai suke rubutawa. Wannan ikon jami'ar gida ne, kuma tambaya ce da ake yi kafin tafiya.

Yanzu batun mayar da kuɗi. Tallafin Erasmus+ yana da tasa takardar daban wadda ɗalibi ke sa wa hannu, kuma abin da ta fi mayar da hankali a kai shi ne cika sharuɗɗan tafiyar. Wanda ya katse zamansa ya dawo kafin lokaci ba tare da dalili karɓaɓɓe ba, ana iya neman ya mayar da abin da aka biya shi. Tun 2021 mafi ƙarancin zama na doguwar musaya wata biyu ne. Wanda rashin lafiya mai tsanani ko wani abin da ya fi ƙarfinsa ya dawo da shi, akwai tanadin a bar masa kuɗin kwanakin da ya yi. Abin mamaki, ƙin cike rahoton ƙarshe da ake aiko wa ɗalibi ta intanet bayan dawowa shi ma na iya jawo a nemi ya mayar da wani kaso ko duka, kuma wannan ne ake mantawa da shi, ba a kuma yaɗa shi a jita-jita.

Faɗuwa kwas ɗaya fa? Babu wata ƙa'ida ta bai-ɗaya a shirin da ta ce faɗuwa ɗaya na cinye tallafi. Abin da ke akwai shi ne jami'o'i da yawa suna gindaya nasu sharaɗin, su ce sai ɗalibi ya dawo da aƙalla kiredit kaza, in ya gaza a rage ko a karɓe tallafin. Adadin ya bambanta daga jami'a zuwa jami'a, shi ya sa labarin wani ba ya zama hujja a kan wani. Manufar a fili take, kada mutum ya karɓi kuɗin jama'a ya tafi yawon buɗe ido. Sai dai sharaɗin ba ya bambance malalaci da wanda ya yi iyakar ƙoƙarinsa cikin baƙon harshe da baƙon salon jarrabawa, kuma ɗalibin da gidansu ba su da hali shi ne wanda mayar da kuɗin zai fi durƙusarwa. Kwas ɗin da aka faɗi shi kaɗai ne ba a samun kiredit ɗinsa. Sauran da aka ci suna nan daram. Yadda za a cike giɓin, ko sake jarrabawa ko yin makamancinsa a gida, yana cikin abin da ya kamata yarjejeniyar karatu ta nuna inda za a same shi.

Duk wannan kariya ta ɗalibin musaya ce, wanda jami'arsa ta tura. Wanda ya nemi gurbi da kansa ya tafi ba tare da yarjejeniya tsakanin jami'o'in biyu ba, da wanda ya bar jami'arsa kacokan yana neman wata ta lissafa masa shekarun da ya yi, babu alƙawarin da ya riga su isa. Takardunsu za a duba bayan an gama, kwas bayan kwas, kuma za a nemi cikakken bayanin abin da aka koyar a kowanne, ba takardar sakamako kaɗai ba. Jami'o'i da yawa ma suna da iyakar kiredit ɗin waje da za su lissafa cikin digirinsu. In jami'ar da za ta yi lissafin tana Afirka, Yarjejeniyar Lisbon ba ta hau kanta ba. Wadda ta shafi nahiyar ita ce ta Addis Ababa ta 2014, da ta fara aiki a 2019, sai kuma ta duniya baki ɗaya da UNESCO ta amince da ita a 2019 ta fara aiki a watan Maris na 2023. Su ma ƙasar da ta tabbatar da su kaɗai suka ɗaure, kuma hukuncin kwas ɗaya-ɗaya yana nan a teburin sashen da ɗalibin zai koma.